Yaro ya iya ƙirga har ɗari amma kuɗi na rikita shi: ta ina ake farawa?

Uwar Gida: Assalamu alaikum malamai da iyaye. Ina neman tsari a kan koya wa yara ƙirga kuɗi. Yara da yawa 'yan shekara shida zuwa bakwai suna zuba ɗaya zuwa ɗari ba tuntuɓe, amma a ajiye musu naira hamsin guda biyu da naira ashirin guda ɗaya a tambaye su nawa ne, sai su ce uku. Littafin makaranta kuma cike yake da hoton kwabo hamsin da naira ɗaya, waɗanda yaron bai taɓa riƙewa ba. Ta ina ake farawa, da wane kaya, kuma a shekara nawa?

Malamar Aji Biyu: Wa'alaikumus salam Hajiya. Yaron da ya ce uku ya bi abin da aka koya masa ne tun yana ƙarami: abu ɗaya, lamba ɗaya. Cokali ɗaya, cokali biyu, cokali uku. Yanzu an miƙo masa takarda ƙwaya ɗaya an ce hamsin ce, alhali shi ɗaya idonsa ke gani. Nan duk wahalar take, kuma haddar lambobi ba ta maganinta. Sai ya ga hamsin ɗin a zube a gefen takardar tukuna.

Ki samu tsohuwar tsintsiyar kwakwa, ki yanka tsinke 200, kowanne kamar tsawon biro, ki tanadi zare ko kyauro. Ranar farko ki ajiye naira biyar a tabarma, yaron ya ƙirga tsinke biyar ya jera a ƙasanta. Ki ajiye naira goma, ya jera goma. Sannan naira ashirin. Ki tsaya a nan, kar ki fito da hamsin. Ki tambaye shi wace takarda ce ta fi tsinke yawa, ya ba ki amsa yana kallon tsinken.

Idan wannan ya zauna, wanda yakan ɗauki kwana uku zuwa mako guda, sai ya fara ɗaure tsinken goma-goma da hannunsa. Lallai shi zai ƙirga ya ɗaure. In ke kika ɗaure kika ba shi, damin zai koma abu ɗaya a idonsa, an dawo gidan jiya. Daga nan naira goma dami ɗaya ce, ashirin dami biyu, hamsin dami biyar, ɗari dami goma. Yanzu ki maimaita tambayarki ta farko: hamsin biyu da ashirin ɗaya. Zai jera dami biyar, dami biyar, dami biyu, ya bi su goma, ashirin, talatin har ɗari da ashirin.

Minti goma a zama ya isa. Yaro ɗan shekara shida in ya wuce haka sai ya fara cinke, kuma cinken da aka yaba masa sau ɗaya yana da wuyar fita.

Alhaji Mai Shago: Malama, tsarin ya yi, amma ina da ja a kan farawa da naira biyar da goma. Yau me naira biyar ke saya? Ko a shago ba a cika ganinta ba, naira goma ma sai jefi-jefi. Abin da yaro zai riƙe in an aike shi hamsin ne, ɗari, ɗari biyu, ɗari biyar. A ganina a fara da abin da zai yi amfani da shi gobe da safe.

Malamar Aji Biyu: Alhaji, gaskiya ne ba sa sayen komai, amma ba don saye nake sa su ba. Yaron da ke koyon ƙirga ba zai iya jera tsinke hamsin ɗaya bayan ɗaya bai ɓata a hanya ba, biyar da goma kuwa yatsunsa ma sun ishe shi. Mako ɗaya ko biyu kawai za a yi a kansu a wuce. Wanda aka fara masa da hamsin zai haddace cewa hamsin biyu ɗari ne, ya faɗa daidai, amma ka ba shi hamsin da ashirin da ashirin da goma ka ce ɗari ce, sai ya ƙi karɓa, saboda ba siffar da ya haddace ba ce.

Malam Mai Lissafi: Ina tare da Malama, sai dai akwai abin da ya kamata ya riga kuɗin ko ya tafi tare da su, wato ƙirga da tsallake. Kafin yaro ya haɗa takardu daban-daban, bakinsa ya saba da waɗannan huɗun: goma-goma har ɗari biyu, biyar-biyar har ɗari, ashirin-ashirin har ɗari biyu, hamsin-hamsin har dubu. A yi da tafi ko da taku, kullum kaɗan.

Kuskuren da ake yi shi ne kullum a fara daga farko. Yaro zai rera goma, ashirin, talatin lafiya lau, amma ka ce ya fara daga saba'in ya riƙa ƙara goma, sai ya tsaya cak. A ƙirgar kuɗi kuwa kusan kullum daga tsakiya ake tashi. Don haka a riƙa jefa masa lamba: "Kana da hamsin, ƙara ashirin-ashirin." Hamsin, saba'in, casa'in, ɗari da goma. A wannan tsallakawar daga casa'in zuwa ɗari da goma yara suka fi faɗuwa. Wasu su ce ɗari, wasu su ce ɗari da ashirin. Maganinsa a raba ashirin ɗin gida biyu da dami: goma ta cike ɗari, goma ta hau kai.

Sai tsarin jera kuɗin. A ware su kashi-kashi tukuna, kowace takarda da 'yan uwanta, a jera daga babba zuwa ƙarama, a fara ƙirga daga babba. Misali ɗari biyu ɗaya, ɗari ɗaya, hamsin biyu, ashirin ɗaya, goma ɗaya: 200, 300, 350, 400, 420, 430. Inda ake samun matsala shi ne wurin sauka daga wani kashi zuwa wani. Bakin yaron ya riga ya kama hamsin-hamsin, yana isa kan ashirin sai ya ce 450. Ku sa shi ya ɗora yatsa a kan takardar farko ta sabon kashi, ya faɗi sunanta da ƙarfi, "yanzu ashirin", sannan ya ci gaba. Wannan ɗan tsayawar tana rage kuskuren.

Uwar Gida: Allah ya saka da alheri. To da kuɗin gaske za a yi ko na kwali? Wasu na cewa kar a saba wa yaro da riƙe kuɗi da wuri.

Malamar Raino: Duka biyun, kowanne da aikinsa. Wajen gane takarda sai ta gaske, don yaro ya ji ta a hannu: 5, 10, 20 da 50 na leda ne, daga 100 zuwa 1000 takarda ce kuma sun fi girma. Wajen wasan saye da sayarwa kuma a yi na kwali, saboda ana bukatar da yawa. A yanka kwalin taliya ko na sabulu, a rubuta lamba babba da maka a ɓangarori biyu. Ga yaro ɗaya ko biyu wannan ya isa: goma guda 10, ashirin guda 5, hamsin guda 6, ɗari guda 10, ɗari biyu guda 5, ɗari biyar guda 2, dubu guda 1. An zaɓi adadin ne don kowane kashi ya iya cika na sama da shi.

Abu biyu da za a kiyaye. Kar a kai kuɗin gaske a yi musu hoto mai launi a buga don wasan yara, wannan na iya jawo wa mutum zargin jabu. A zana da hannu kawai. Kuma kar a yi rubutu a jikin naira ta gaske don a taimaka wa yaro, dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta hana rubutu a kanta da yaga ta da liƙa ta a biki.

A kan saba wa yaro da kuɗi, abin da ke ɓata yaro shi ne ya riƙa ganin kuɗi a yashe ba mai lissafinsu. In za a yi darasi da na gaske, a ƙirga su a gabansa kafin a fara, a sake ƙirgawa tare bayan an gama, a mayar jaka. Wannan ƙirgar ta buɗewa da ta rufewa ita ma darasi ce.

Malam Mai Lissafi: Tunda an zo maganar gane takarda, kar a koya wa yaro da launi. Iyaye sun fi son wannan hanyar don ta fi sauri, amma tun ƙarshen 2022 da aka sauya fasalin manyan takardu uku ta zama tarko. Sabuwar ɗari biyu ja ce, naira goma ma ja. Sabuwar ɗari biyar kore ce, naira ashirin ma kore. Sabuwar dubu shuɗiya ce, naira hamsin ma shuɗiya. Ga tsofaffin nan kuma suna yawo tare da sababbin, tsohuwar dubu ruwan ƙasa. Yaron da aka ce wa "koren nan ashirin ne" zai iya miƙa ɗari biyar a matsayin ashirin da yamma in haske ya yi ƙasa.

A fara da lamba. Ya nemo ta a kusurwar takarda, ya ƙirga sifirin da yatsa: 50 sifiri ɗaya, 500 sifiri biyu, 100 sifiri biyu, 1000 sifiri uku, haka 20 da 200. Waɗannan tagwayen uku su ne ke rikita yara, don haka a riƙa ajiye su gefe da gefe. Bayan lamba sai fuska: Tafawa Ɓalewa a biyar, Alvan Ikoku a goma, Murtala a ashirin, Awolowo a ɗari, Sardauna a ɗari biyu, Azikiwe a ɗari biyar, dubu kuma mutum biyu ne, Aliyu Mai-Bornu da Clement Isong, tsofaffin gwamnonin Babban Banki. Fuskokin ba su canja ba a sabuwa da tsohuwa, shi ya sa suka fi launi aminci. Yaron da ya fara karatun allo ma yana da ƙarin hanya, domin ɗari biyu da ɗari biyar da dubu suna ɗauke da ajami da ke faɗin adadinsu da Hausa.

Mushe na Maraɗi: Salamu alaikum 'yan uwa. Mu a Nijar sulalla na nan da ransu, yaro na riƙe su kullum, sai dai tamu matsalar ta fi taku sarƙaƙiya. A jikin ƙarfen an rubuta 25, a kasuwa ana ce masa dala biyar. An rubuta 50, dala goma. 100 dala ashirin ce, 250 dala hamsin, 500 dala ɗari, 1000 jikka guda. Dala ɗaya tamma biyar ce, wato sefa biyar na kuɗinmu. Wato yaro na ganin lamba ɗaya da ido, kunnensa na jin wata, a lakwal, wato makaranta, kuma mushe, wato malami, na tambayarsa da Faransanci da lambar da ke rubuce. Yaro zai ji "ɗari" ya miƙa ƙarfen da aka rubuta wa 100, alhali mai tebur 500 yake nufi.

Abin da ke aiki shi ne kar a haɗa biyun a lokaci guda. A gida a fara da dala zalla, tunda da ita za a aike shi. A ɗauki ƙwallon dabino ko tsakuwa, kowace ɗaya dala guda. Ƙarfen 5 tsakuwa ɗaya, na 10 biyu, na 25 biyar, na 50 goma, na 100 ashirin. A wannan matakin ba a ce masa ya karanta lambar jiki ba, da kama da launi zai san su: 5 da 10 da 25 ruwan ɗorawa ne, 50 da 100 farare, 200 da 250 da 500 masu launi biyu. Sai ya iya ƙirga biyar-biyar da kyau, galibi a aji na biyu ko na uku, sannan a buɗe masa sirrin: kowace tsakuwa a ce biyar. Tsakuwa goma: 5, 10, 15 har 50, ga lambar da ke jikin ƙarfen ta fito da kanta.

Ga manyan yara akwai gajeriyar hanya. Daga lambar rubutu zuwa dala, a ninka biyu a cire sifiri: 350 ya zama 700, ya zama dala saba'in. Daga dala zuwa lambar rubutu, a ƙara sifiri a raba biyu: dala sha biyar, 150, rabi 75. Amma kar a ba ƙaramin yaro wannan, zai haddace ya riƙa juya su baibai, ya ninka inda ya kamata ya raba.

Wani abin lura: ƙarfen dala biyar ya fi na dala goma faɗi. Yaro ɗan shekara biyar a ba shi zaɓi, babban zai ɗauka. A ajiye su a kan tsakuwoyinsu, biyar a nan goma a can, a bar shi ya sake zaɓa.

Malamar Aji Biyu: Mushe, wannan bayani ya amfane mu. Amma ina tsoron fara wa yaro da dala zalla zai sa ya sha wuya a aji, inda duk lissafin da lambar rubutu ake yi. Me zai hana a faɗa masa duka biyun tun farko, "wannan 25 ne, ana kuma ce masa dala biyar"?

Mushe na Maraɗi: Malama, faɗar suna biyu ba laifi in suna ne kawai. Matsalar tana zuwa wajen haɗawa. Yaron da aka ba duka biyun kafin ya san alaƙarsu zai ɗauki 25 daga wannan ƙarfe, ya ɗauki "goma" daga wancan, ya ce talatin da biyar, alhali 75 ne ko dala sha biyar. Ya gauraya ma'auni biyu a lissafi ɗaya. In an ga dole sai an yi duka, to a raba musu wuri: a tabarmar gida dala, a kan allo da littafi lambar rubutu, kuma kafin kowace tambaya a faɗa masa da wanne ake magana. Yaran bakin iyaka irin na Ɗan Isa da Jibiya ko Ƙwanni da Illela suna da na uku ma, domin dattijon Najeriya in ya ce jaka naira ɗari biyu yake nufi, mu kuma jikka dubu ce ta sefa. Su waɗannan a koya musu tambaya kafin su miƙa kuɗi: naira ko sefa?

Ɗan Zango: Haka muke fama a Kumasi ta ƙasar Ghana. Tun 2007 aka yanke sifiri huɗu daga sidi, amma har yau akwai iyaye mata a kasuwa da ke kiran sidi ɗaya dubu goma. Shawarar Mushe ita ce daidai a nan ma: yaro ya tsaya a kan sidi da fesuwa yadda suke rubuce, ɗari na wannan ya ba da ɗaya na wancan, sai ya ƙware sannan a gaya masa yadda kakarsa ke kiransu.

Ma'aikaciyar Jinya: Ga masu amfani da sulalla, tsakuwa ko ƙwallon dabino: a nisanta su da yaron da bai kai shekara uku ba, har ɗan shekara huɗu ma a sa ido. Sau da yawa ba wanda ake koya wa ne ke haɗiyewa ba, ƙaninsa ne mai rarrafe da ya tsinci wanda ya gangara ƙarƙashin tabarma. A ƙirga kayan kafin a fara da bayan an gama, kamar yadda Malamar Raino ta ce a yi wa kuɗi. In yaro ya haɗiyi ƙarfe kar a sa masa yatsa a maƙogwaro, kar a ba shi abin da zai sa shi amai, kar a tura masa tuwo ko ayaba wai ya danna. A kai shi asibiti a ɗauki hoto a ga inda ya tsaya. In yana dalalar da yawu, ya kasa haɗiya, ko numfashinsa ya canja, wannan na gaggawa ne. Sannan a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa kuɗi, kuma a hana yaro sa su a baki ko lasar yatsa wajen ƙirga.

Alhaji Mai Shago: To ni bari in yi maganar canji, don nan ne ake cutar yara, nan ne kuma su ma suke jawo wa kansu duka a gida ba da laifinsu ba. Makaranta na koya musu ɗebewa a takarda. Mai shago ba ya ɗebewa, cikowa yake yi. Yaro ya sayi kayan 330 ya ba da 500. Ana farawa daga kuɗin kayan a hau sama: a ajiye ashirin a ce 350, a ajiye hamsin a ce 400, a ajiye ɗari a ce 500. Abin da ke kan tebur shi ne canjin, 170. Ba biro ba takarda.

A koya wa yaro haka a gida. A jera kaya biyar ko shida a kan tire, ashana, magi, sabulu, biskit, alawa, a liƙa wa kowanne farashi. Makon farko farashin ya zama na hamsin-hamsin da ɗari-ɗari, kuma ya biya daidai ba canji. Mako na biyu ya ba da ɗari ko ɗari biyu a ba shi canji da takarda ɗaya. Sai a hau zuwa ɗari biyar da dubu. Kuma a riƙa musanya wuri, yau shi ne mai saye gobe shi ne mai shago, domin wanda ke ba da canji shi ke yin lissafin na gaske. Lokaci-lokaci babba ya ba shi canjin da bai cika ba, ko wanda ya yi yawa, a ga ko zai gane. In ya yi yawa ya gane ya mayar, a yaba masa fiye da yadda aka yaba masa a kan wanda bai cika ba.

Ranar da za a fara aikensa na gaske: kaya ɗaya, shago mafi kusa, kuma kafin ya fita ya faɗi abu uku da bakinsa, nawa aka ba shi, nawa ne kayan, nawa zai dawo da shi. A gaya masa ya ƙirga canjin a gaban mai shago kafin ya juya baya. Yara na jin kunyar yin haka a gaban babba, sai an nuna musu cewa ba rashin ladabi ba ne.

Malam Mai Lissafi: Misalin Alhaji na 500 da 330 ya dace da kuskuren da ya fi yawa a littafin yara. A rubuce yaro zai ba ka 230. Dalili: ya zo gidan gomomi ya ga sifiri a sama uku a ƙasa, sai ya cire ƙarami daga babba ya rubuta 3, sannan biyar a cire uku saura biyu. Duk wanda ya ga 230 a littafin ɗansa ya san aro ne bai fahimta ba. Kuɗin kwali na gyara wannan cikin sauƙi. A ba shi ɗari guda biyar a ce ya biya 330. Zai miƙa uku, ya tsaya, don ba shi da talatin. Dole ya je "banki" ya canja ɗari ɗaya zuwa goma guda goma, ya biya uku, ya rage bakwai da ɗari ɗaya. Abin da malami ke kira aro a allo ke nan, ya yi shi da hannunsa.

Shi ya sa a wurina wasan canja kuɗi ya fi wasan shago muhimmanci, kuma ya kamata ya riga shi. Mutum ɗaya ya zama banki. A ba yaro hamsin a ce ya karɓo ta da ƙanana, ta hanyar da ba irin ta ɗazu ba. Da ashirin da goma kaɗai hanya uku ce: ashirin biyu da goma ɗaya, ashirin ɗaya da goma uku, ko goma biyar. In aka sa naira biyar a ciki hanyoyin sun zama 12. Ɗari kuma da hamsin da ashirin da goma hanya 10 ce. Ba a bukatar ya samo duka. In ya kawo uku ko huɗu da kansa, ya gane cewa yawan takardu daban, darajarsu daban.

Uwar Gida: To kwabo fa? Jarrabawa na tambaya, littafi na kawowa. A bar shi ko a koya?

Malamar Aji Biyu: A koya, amma a ƙarshe, kuma a gaya wa yaro gaskiya cewa ba ya yawo a kasuwa. Tun da aka koma naira a 1973 kwabo ɗari ne naira ɗaya, kuma sulallan da aka fitar a 2007, kwabo 50 da naira 1 da naira 2, har yanzu halastattun kuɗi ne a doka, shi ya sa manhaja ba ta cire su ba. In akwai su a tsohuwar adaka a fito da su ya taɓa. In babu, a ɗora su a kan abin da ya riga ya sani: yadda ɗari ke ɗauke da hamsin biyu, haka naira ɗaya ke ɗauke da kwabo hamsin biyu. Amfaninsa na gaske sai aji huɗu zuwa biyar, lokacin da za a fara rubuta ₦2.50, kuma a nan a kula: yara na karanta ₦2.50 da ₦250 a matsayin abu ɗaya in ba a nuna musu aikin ɗigon ba.

Malamar Raino: A kan tambayar shekaru da Hajiya ta yi tun farko ba a ba ta amsa kai tsaye ba. Ɗan shekara huɗu zuwa biyar: ware kuɗi kashi-kashi da sanin sunayensu, ba haɗawa. Shida zuwa bakwai: tsinke, dami, wasan banki, haɗa takardu har ɗari biyu. Bakwai zuwa takwas: canji har ɗari biyar, sannan dubu. Amma shekaru ba su ne ma'auni ba. Gwajin da ya fi shi ne a riƙe goma guda biyar a hannu ɗaya, ɗari guda ɗaya a ɗayan, a ce ya zaɓa ya kuma faɗi dalili. In ya zaɓi biyar ɗin don sun fi yawa, a koma kan tsinke ko da shekararsa tara. Kuma kar a yi wannan gwajin a gaban 'yan uwansa su yi masa dariya. Yaron da aka kunyata a kan kuɗi yakan daina ƙirga canji gaba ɗaya, ya dunƙule abin da aka ba shi ya taho.

Asusu ma yana taimakawa, sai dai na ƙasa da ba a buɗewa sai an fasa ba ya koyar da ƙirga. A yi amfani da gwangwani mai murfi, a buɗe duk Juma'a a ƙirga tare, a rubuta adadin a takarda a liƙa a jiki, mako mai zuwa a tashi daga wannan adadin a ɗora sabon da ya shigo.

Alhaji Mai Shago: Akwai mataki ɗaya da ya rage, na yaron da ya riga ya ƙware, wato ciko. Kaya na 320, ya ba da 500, mai shago ba shi da 180, sai ya ce "kawo ashirin in ba ka ɗari biyu." Yara da yawa a nan suke ɗauka ana so a ƙwace musu ashirin ne, wasu kuma su ba da ashirin ɗin su karɓi 180 ɗin dai su tafi. A gwada masa a gida da kuɗin kwali: ya ajiye 520 a tire, ya ware 320 na kaya gefe, ya ga abin da ya rage da idonsa. A yi da 320 da 410 a kan ɗari biyar, da 550 a kan dubu, inda zai cika hamsin ya karɓi ɗari biyar.

Sai kuma yaren kasuwa, wanda littafi ba ya kawowa. Mai kaya zai ce "ɗari biyar ba hamsin", 450 ke nan, ko "dubu ba ɗari", 900. Yaro na jin ɗari biyar a farkon magana sai ya miƙa ya juya bai jira hamsin ɗinsa ba. A riƙa jefa masa irin waɗannan a gida yana fassarawa zuwa lamba. Haka "Murtala" da "wazobiya", ya san ashirin da hamsin ake nufi.

Uwar Gida: Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Tambaya ta ƙarshe ga Malamar Aji Biyu: in yara biyu ne, ɗaya shekara biyar ɗaya takwas, a haɗa su a zama ɗaya ko a raba?

Malamar Aji Biyu: A raba su wajen tsinke da dami, don babban zai riƙa riga ƙaramin ba da amsa, shi kuma ƙaramin ya koma kallon bakin yayansa maimakon kallon kuɗin. A haɗa su wajen wasan shago: babban ya zama mai shago yana ba da canji da ƙarfi ana ji, ƙaramin ya zama mai saye da takarda ɗaya a hannu, aikinsa kawai ya faɗi sunan takardar da ya miƙa da sunan wadda aka ba shi. Farashin ƙaramin ya tsaya a goma, ashirin da hamsin. In ke kika zo saye, sai ki kawo wa babban ɗari biyar ko dubu.